Lamba tara: tambayoyi da amsoshi kan sana'ar ɗan wasan gaba

Waɗannan su ne tambayoyin da samari da iyayensu suka fi yi wa masu horar da 'yan ƙwallo a Maraɗi, wasu a bakin fili bayan atisaye, wasu a fada ana jiran shayi ya nuna. Kowane yaro lamba tara yake so, don mai zura ƙwallo a raga shi ake ɗauka a kafaɗa. Sai dai sana'ar ta abin ƙirge ce: ƙwallo nawa ka ci, a wace gasa, da wace takarda a hannunka. Yankan da ke sa 'yan kallo ihu a unguwar Zariya ko ta Bagalam ba ya shiga wannan lissafi.

Ni dai na san aikina cin ƙwallo ne. Akwai wani abu bayan wannan?

Ƙane, don cin ƙwallon ake biyanka, amma ka lura: a wasa na minti 90 ɗan gaba sau da yawa ba ya taɓa ƙwallo sau 30. A 2022 Romelu Lukaku ya yi wa Chelsea cikakken wasa da Crystal Palace, sau bakwai kacal ya taɓa ta. Ke nan kusan duk aikinka kana yin sa ne ƙwallo ba ta ƙafarka. Kai za ka ruga bayan 'yan baya don su ja da baya, fili ya buɗe wa 'yan tsakiyarku. Kai za ka juya wa raga baya, ka tare doguwar ƙwallo da ƙirji ko cinya, ɗan baya na turinka, ka riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku har naku su hauro. In ta kuɓuce muku, kai ne mai tsaro na farko: ka tunkari ɗan baya ta gefe guda, ka rufe masa hanyar tsakiya, ka kora shi bakin layi. Mai horarwa na iya haƙuri da wanda ya yi wasa uku bai ci ba in yana waɗannan. Wanda ke tsaye hannu a ƙugu yana jiran a kawo masa kuwa, ko jiya ya ci, benci na kiransa.

Ni gajere ne, kuma ba ni da jiki. In haƙura da gaba?

A'a. 'Yan gaba iri-iri ne. Akwai ƙato mai tare ƙwallo da sa kai, irin Didier Drogba ko marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna da ya ci wa Najeriya ƙwallo 37. Akwai mai gudu, irin Ahmed Musa da namu Musa Ma'azu. Akwai mai saukowa tsakiya ya janye ɗan baya daga gurbinsa, yadda Guardiola ya sa Messi a 2009 ranar da Barcelona ta ci Real Madrid 6-2. Romario da Aguero ba dogaye ba ne, a taku biyar na farko suke barin mutum. Wautar ita ce siririn yaro ya ce sai ya yi kokowa da ɗan baya kamar mai neman takobi.

Daga filin unguwa, ta ina ake bi?

Matakin farko kowa ya san shi: ƙwallon unguwa, ta lakwal, da gasar babban hutu. Daga shekara 8 zuwa 12 abin da yaro ke buƙata shi ne yawan taɓa ƙwallo da ƙafa biyu a ƙaramin fili, huɗu da huɗu ko biyar da biyar. Tsakanin 13 da 16 ya kamata a ce yana cikin ƙungiya mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar, FENIFOOT, ta hannun reshenta na jiha. Daga nan sai gasar jiha, sai rukuni na biyu, sai babbar gasar ƙasa.

Maraɗi ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Ƙungiyar Jangorzo ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1983, Ɗan Kasawa ma ta yi zamaninta a babbar gasa, kuma a Fabrairun 2019 filin wasa na garin nan ya karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta ɗauka. Amma ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a Yamai suke, galibi na ma'aikatu: AS FAN ta sojoji, USGN ta jandarmomi, AS Douanes, AS Police, AS GNN, sai tsofaffin gidaje irin Sahel da Olympic. Su ke fita gasar CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, kuma daga babbar gasar aka zaɓi 'yan Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a CHAN, gasar Afirka ta masu wasa a cikin gida, a Aljeriya a farkon 2023. Kaka guda mai kyau a can ta fi kofin hutu goma.

Ina ci a kowace gasar unguwa. Me lasisi zai ƙara mini?

Ƙwallon da ka ci ba lasisi, a wajen mai saye kamar ba ka ci ba ne, don babu takardar wasan da ta rubuta ta. Lasisi ne ke buɗe maka fasfon ɗan wasa, rajistar da ke nuna duk ƙungiyar da ka zauna tun daga shekara 12. Da ita kuma ƙaramar ƙungiyar da ta raine ka ke cin moriya. A dokar FIFA, in ka sa hannu a kwantiragin farko a waje kafin ka wuce 23, ana biyan kuɗin horo ga waɗanda suka horar da kai tsakanin 12 da 21. In kuma aka sayar da kai daga ƙasa zuwa ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ka zauna tsakanin 12 da 23. Shugabannin ƙananan ƙungiyoyi, wannan taku ce: yaron da ba ku yi wa rajista ba, ko dala ba za ku gani ba.

Ka tabbata sunanka, na mahaifinka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar haihuwa, lasisi da fasfo. Mahamadou a nan, Mahamane a can, ya isa ya tsayar da ciniki har kasuwar 'yan wasa ta rufe.

Me ya sa ƙwallona ke tashi sama, ko ta tafi hannun gola?

Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44. Babba ce. Mai ɓarar da ƙwallo galibi jikinsa ne bai daidaita ba. Abu uku ke ɗaga ta sama: ƙafar da ka dogara a kanta ta tsaya bayan ƙwallon, ko ka kwantar da jiki baya, ko ka ɗaga kai ka dubi raga daidai lokacin bugu. Ka dasa ƙafar dogaron a gefen ƙwallon, tazarar kamar taƙi ɗaya, yatsunta na kallon inda kake so ta tafi. Gwiwa da ƙirji su rufe ƙwallon, idon sawu a ƙage, ka bugi tsakiyarta. Gola kuwa tun ƙwallo na hanya ake duban inda ya tsaya; in ta iso, ido na kanta.

Tafiya hannun gola rashin zaɓen wuri ne. Ƙwallon da ta zo tsakanin ƙugu da kafaɗa abincinsa ce. Ta ƙasa kusa da turke ta fi masa wuya, don sai ya faɗi kafin ya kai hannu. In kana gefe, ka buga ƙasa zuwa turke na nesa: ko ya doke ta, gaban abokinka za ta faɗo. Daga wajen ɗigon fenareti zuwa ciki, cikin ƙafa ya isa, ba sai ka fasa raga ba. Daga nesa ne ake sa bayan ƙafa, inda igiyar takalmi take. In ku biyu ne da gola, kada ka rage gudu da wuri. In ya fito da sauri ka kewaye shi, in ya tsaya ka tura ta ƙasa kusa da ƙafarsa, inda hannu ba ya saurin kai wa.

Mafi yawan ƙwallayen manyan gasa daga cikin sha takwas, wato da'irar gola, ake cin su, da yawa da taɓawa ɗaya. To atisayenka ya yi kama da haka. Jera yara ashirin a mita 25, kowa ya buga sau ɗaya cikin minti biyar, ɓata yamma ne kawai. Ka nemi abokai biyu da gola bayan atisaye, minti 20, sau uku a mako: goma ta ƙasa daga dama zuwa turke na kusa, goma daga hagu, goma da aka mayo baya zuwa ɗigon fenareti, goma ka karɓa kana ba raga baya ka juya ka buga. Rabi da ƙafarka mai rauni. Ka rubuta a littafi nawa suka nufi raga, nawa suka shiga. In gajiya ta fara ɓata bugun ka tsaya, don kuskuren da aka maimaita shi ma koyonsa ake.

Akwai wata matsala tamu ta nan: rairayi. A filin yashi ƙwallo mutuwa take, yaro ya saba jiranta, ya saba ja da ƙafa can baya kafin bugu. Ranar da ya hau ciyawa ko roba da aka jiƙa, kafin ya shirya ta wuce. Maganinta bango: ƙasa mai tauri, mita biyar daga katanga, bugu ɗari da kowace ƙafa, taɓawa ɗaya.

Sauran kuma motsi ne. Ka tsaya bayan kafaɗar ɗan baya, inda ba zai iya ganinka da ƙwallo a lokaci guda ba. Ka yi taku biyu kamar za ka nesa, ka yanko kusa. Kuma duk bugun da wani ya yi, ka bi ta har gaban gola. Ƙwallon ɓarauniya da ta raba gardama duk ɗaya ake rubuta su.

Kullum mai tuta na kama ni da satar gida. Ina laifin?

Ana duban inda kake ne lokacin da abokinka ya taɓa ƙwallon, ba lokacin da ta same ka ba. Ka yi satar gida in kana ɓangaren abokan karawa, kuma kanka, jikinka ko ƙafarka ta fi kusa da layin ragarsu fiye da ƙwallon da kuma mutum na biyu daga ƙarshe a cikinsu. Hannu ba ya cikin lissafi, daidai wa daida kuma ba laifi. Babu satar gida in kai tsaye ka karɓa daga jifa, kwana, ko bugun gola daga gida, kuma 'yan gabanmu kaɗan ne ke cin amfanin wannan. Laifinka galibi gudu ne miƙe. Ka fara gudun a kwance, kana bin layin 'yan baya, idonka kan mai ƙwallo. Da ya sunkuyar da kai zai buga, sai ka karya ciki. Ka riga ka ɗauki gudu, su kuwa a tsaye suke.

Fenareti fa?

Mita 11 ne, kuma a manyan gasa kusan uku cikin huɗu na shiga. Ka zaɓi gefe tun kafin ka ajiye ƙwallon, kada ka sake shawara a hanya. An yarda ka yi yaudara cikin gudun, amma in ka gama gudun ka ɗaga ƙafa kamar za ka buga sannan ka tsaya, katin gargaɗi ne, ƙwallon kuma ba ta ciwu ba. In ta bugi turke ta dawo ba wanda ya taɓa, ba ka da ikon sake taɓa ta.

Ina gudun kilomita goma kowace safiya a hanyar Tibiri, amma har yanzu ana riga ni ƙwallo.

Dogon gudu a hankali numfashi yake ƙarawa, ba ya ƙara sauri. Gudun ɗan gaba gajere ne, mita 10 zuwa 30, a maimaita. Sau biyu a mako, bayan ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20, ka yi gudu shida zuwa takwas na mita 20 ko 30 da iyakar ƙarfinka, hutun minti biyu tsakani. In ka rage hutun, ka koma horon numfashi ba ka sani ba. Kada ka yi shi ana gobe wasa.

Naman bayan cinya shi ne ya fi yagewa ga masu gudu. Ka durƙusa kan tabarma, aboki ya danne maka dugadugai, ka tafi gaba a hankali jiki miƙe har ka kasa riƙewa ka tare da hannu. Biyar sau uku, sau biyu a mako. Makon farko za ka ji ciwo, ka fara da kaɗan. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, aikin ƙarfi bayan asuba ne ko bayan la'asar sakaliya.

Me zan ci? Kuma yaya zan yi da azumi?

Abincin gida ya isa in an tsara shi. Awa uku zuwa huɗu kafin wasa ka ci shinkafa, taliya, dankali ko tuwo, mai kaɗan, yaji kaɗan. Soye-soye da wake mai yawa a bar su sai bayan wasa. Awa ɗaya kafin a fara, ayaba ko dabino. Bayan wasa, cikin awa guda, fura da nono mai tsabta ta yi daidai, sannan abinci mai nama, kifi, ƙwai ko wake. Ƙuli-ƙuli da zogale ba abin rainawa ba ne. Ruwa kuwa, ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali. Fitsari mai duhu alamar ba ka sha isasshe ba.

Da azumi, atisaye mai sauƙi awa ɗaya kafin shan ruwa, mai nauyi bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Ruwan a rarraba shi daga magariba zuwa sahur. Hukuncin ranar wasa ko tafiya kuwa na malamai ne, a tambaye su.

Abokaina na shan tramol kafin wasa, sun ce yana kashe gajiya.

Ɓoye ciwo yake, raunin na nan yana ƙaruwa, ga kama mutum, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Tun 1 ga Janairun 2024 WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta shi lokacin gasa. Wiwi ma haramtacciya ce. Dakatarwa kan ƙwaya na iya kai shekara huɗu, kuma "ban sani ba" ba ta wanke ɗan wasa, don duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa. Haka maganin ƙarfi na 'yan talla da ba a san haɗinsa ba.

Na ji rauni. Mai ɗori ko likita?

Targaɗen idon sawu mai sauƙi: a daina wasa nan take, ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafa. Murza da ruwan zafi a ranar farko kumburi suke ƙarawa. In ba ka iya taku huɗu a kanta, sai hoto. Gwiwa kuwa ba a wasa da ita. In ka ji ƙara lokacin juyawa, ta kumbura cikin awoyi kaɗan, tana kuma sulluɓewa in ka taka, ana zargin jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke. Ɗori ba ya haɗa ta. Ga mai son ci gaba da sana'a galibi aiki ake yi, komawa fili kuma wata shida zuwa tara ne ko fiye. Masu komawa da wuri su ke sake tsinka ta.

Kada ka yi atisaye da zazzaɓi a jiki. A gwada jini, a sha magani ya ƙare. Wanda ya bugu a kai ya ga jiri ko ya rikice, ya fita, ba ya komawa ranar. Suma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari lokacin gudu kuwa, a je a auna zuciya. Gwajin likita a Inter Milan ne ya gano ciwon zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, aka yi masa aiki ya dawo ya yi shekaru yana wasa. Marc-Vivien Foé na Kamaru a fili ya faɗi a Lyon a 2003, ya rasu.

Wani ya zo ya ce zai kai ɗana gwaji Turai, in kawo kuɗin biza da jirgi. Har ina shirin sayar da gona.

Baba, kada ku sayar. Dokar FIFA ta hana neman kuɗi ko karɓarsu a kan gwaji, kuma ƙungiyar da ke son yaro da gaske ba ta jiran kuɗin gonar ubansa. Ku tambayi mutumin lasisinsa na FIFA. Tun 2023 sai an ci jarrabawa ake zama wakili, kuma sunayen masu lasisi na shafin FIFA a intanet, kowa na iya dubawa. Ku karɓi takardar gayyatar, ku sa wanda ya iya ya nemo lambar ƙungiyar daga shafinta, ba wadda ke jikin takardar ba, a kira a tambaya. Ku kai ta ofishin hukumar ƙwallo na jiha su gani. Gwaji na gaskiya yana da fom da ɓangarorin biyu ke sa wa hannu, kuma yana da iyaka: mako takwas a kaka ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, mako uku ga wanda ya haura.

Yadda abin ke lalacewa sananne ne. A yi wa yaro bizar yawon buɗe ido, wadda ba ta wuce kwana 90 kuma ba ta ba da izinin aiki, a sauke shi a otel, a biya kwana uku, wakili ya tafi da fasfo, waya ta daina shiga. Kunyar dawowa hannu rabbana ta sa yaro ya zauna ba takarda. In har tafiyar ta tabbata, fasfo da tikitin dawowa su zauna a aljihunsa. Yarjejeniya da wakili kuma ba ta wuce shekara biyu, ta yaro ƙarami ba ta yiwuwa sai da hannunku.

Shekarata 16. Zan iya tafiya waje? An ce in rage shekaru ma.

A ƙa'ida ba a sauya ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa sai ya cika 18. Togaciyar kaɗan ce, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya buga.

Rage shekaru kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. A gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. Gine ta rasa gurbinta na gasar duniya ta 2019 kan takardun shekaru. Ban da kamu, akwai illa ta biyu: mai shekara 21 da ke cin yara da ƙarfin jiki ba ya koyon dabara, ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai a ga ba komai. Hanyar gaskiya a buɗe take. 'Yan Mena ƙanana sun je gasar duniya a Indiya a 2017 har suka tsallake zagayen rukuni.

An kawo mini kwantiragi. Me zan duba?

Kada ka sa hannu ranar da aka kawo. Ka kai wa lauya ko wani naka mai karatu wanda ba ya cin komai a cinikin. A rubuta albashi da lamba da harafi, da irin kuɗin, da ranar biya, da ko an cire haraji. Kuɗin sa hannu, ladan nasara, ladan kowace ƙwallo, gida, tikitin zuwa gida da kuɗin magani in ka ji rauni, duk wanda ba ya takarda babu shi. Tsawonsa ba ya wuce shekara biyar, uku ga wanda bai kai 18 ba. Ka lura da saɗarar da ke ba ƙungiya ita kaɗai ikon ƙara shekaru ko sallamarka duk ran da ta so. Gwajin likita kafin sa hannu ake yi. Bayan an sa, ƙungiya ba ta da ikon soke shi da hujjar ka faɗi gwaji ko ba a samu izinin aiki ba. Ka fita da kwafinka mai hannun kowa. In saura wata shida ya ƙare, kana da ikon ƙulla sabo da wata ƙungiya. A kaka guda kuma ƙungiya uku za a iya yi maka rajista, biyu kawai za ka buga wa wasan hukuma, don haka yawan tsalle na iya zaunar da kai.

In sun ƙi biyana fa?

Kada ka yi fushi ka kwashe kaya. Kai za a mayar mai laifi. In bashin ya kai albashin wata biyu, ka rubuta musu takarda, ka ba su aƙalla kwana 15, ka ajiye shaidar sun karɓa, kana ci gaba da zuwa atisaye. In wa'adin ya cika ba su biya ba, kana da hujjar raba gari. Rikici da ƙungiyar wata ƙasa kotun ƙwallo ta FIFA ake kai wa, ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shari'a, amma in an wuce shekara biyu ba a saurare. Na cikin gida hukumar ƙasa ake fara kai wa. Kuma kada ka taɓa sa hannu a takardar albashin da bai shiga hannunka ba.

Wace ƙasa ta fi dacewa a fara?

Wadda za ka buga wasa. Musa Ma'azu daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, ya ci ƙwallaye, CSKA Moscow ta saye shi a 2009, daga nan aka yi ta ba da shi aro, Monaco da Bordeaux. Shi ne ya ci Masar a Yamai a Oktoban 2010, a hanyar da ta kai Mena gasar Afirka karon farko a 2012. Victorien Adebayor a Inter Allies ta Gana ya yi suna kafin ya wuce gaba. Victor Osimhen, bayan ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba. Aro zuwa Charleroi ne ya tashe shi da ƙwallo 20, sannan Lille, sannan Napoli. Drogba yana da 26 ya isa Chelsea. A ganinmu, wasa 25 a Gana, Maroko ko rukuni na biyu a Turai sun fi rigar babbar ƙungiya da ake sawa a benci don ɗaukar hoto.

Wasa shida ban ci ba. An yi mini asiri ne?

Ka duba ko damar na zuwa. In tana zuwa kana ɓararwa, za ta shiga. Ka koma atisayen kusa da raga, ka daina neman ta ban mamaki. In ba ta zuwa sam, motsinka ne, ko ka fara saukowa tsakiya neman taɓa ƙwallo ka bar gidan ba kowa. Addu'a kuwa a yi ta kullum, ba sai an shiga fari ba.

Wane irin bidiyo zan tura?

Minti huɗu zuwa biyar, daga wasannin hukuma, an ɗauka daga sama yadda za a ga motsinka tun kafin ƙwallo ta zo. Mafi kyau a farko. A rubuta ranar wasa, sunan gasa da lambar rigarka. Ka ajiye cikakken wasa ɗaya ko biyu, don mai saye na gaske zai nema, ya ga abin da kake yi in an kwace muku ƙwallo.

Ɗana ya ce zai bar lakwal saboda ƙwallo. In bar shi?

Inna, kada ku bari. Cikin yaran da ke cika filayen garin nan da yamma, 'yan ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo, kuma wanda ya samu ma Faransanci ko Ingilishi zai buƙata don ya ji mai horarwa, ya karanta abin da yake sa wa hannu. In karatun ya gagara, ya kama sana'ar hannu da safe, atisaye da yamma. Ɗan gaba yakan kai ganiyarsa tsakanin 24 da 29, gudu na raguwa bayan 30, akasari kafin 35 an rataye takalmi, in gwiwa ba ta riga ta yanke hukunci ba.

Ran da kuɗi suka fara shigowa, ku ne za ku taimake shi, don buƙatun dangi ba sa ƙarewa, kwantiragi kuwa yana ƙarewa. A yanka abin da zai riƙa aikowa gida kowane wata, a tsaya a kansa. Fili ko gidan da zai saya, takardun su fito da sunansa, ba da na wani ɗan'uwa ba. Kafin ya daina wasa ya fara neman takardar horarwa, wadda ke farawa daga lasisin D, sai C, B da A na CAF; hukumar ƙasa ce ke shirya kwas ɗin, kuma a ofishinta na jiha ake tambayar lokacin rajista.